Dokar da Almakashi Ya Cire

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana aiki a gidan buga takardu, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa miƙa masa rubutu ya karɓe shi yadda ya kawo shi. Ka zo da katin gayyata mai layi goma sha biyu, sai ya dube shi ta saman tabarau, ya zaro jan biron da ke saƙale a bayan kunnensa, kafin ka gama tambayarsa iyali ya mayar da shi layi biyar. In ka ɗaga murya ko kallonka ba zai yi ba. "Karanta," zai ce. "Me ya ɓace?" Abin haushin kuwa, in ka karanta sai ka tarar babu abin da ya ɓace. Shi ya sa tun yana saurayi abokan aiki suka laƙaba masa Almakashi, sunan ya bi shi har gida, har matarsa ma da shi take kiransa duk ranar da ya ɓata mata rai.

Ɗan guntun mutum ne marar hayaniya. Teburinsa yana can a lungu, tsakanin injin yanka takarda da wata taga da ba ta buɗuwa, kujerarsa kuma gurguwa ce, ya tokare ƙafarta ɗaya da guntun kwali. Duk mako ba ka jin bakinsa sai "sannu" da "cire wannan". Amma ka same shi ranar Asabar da ƙarfe huɗu a falon yayansa, wallahi sai ka rantse canza shi aka yi.

A can suke wasansu. Mutum huɗu ne a tebur, da takarda da fensir da ɗan abin jefawar nan na ludo mai ɗigo-ɗigo, wato dais. Almakashi ne mai ba da labari. Shi zai ce, ga ku a bakin wani kogo, hayaƙi yana fitowa, ga ƙasusuwa zube a ƙofa. Sauran ukun kowa yana da jarumin da ya ƙirƙira ya rubuta a takarda, sai ya faɗi abin da jarumin nasa zai yi. In abin mai haɗari ne a jefa dais, shi zai raba gardama. Ƙanwarsu Auta, wadda take aiki a kantin magani, jarumarta matsafiya ce mai kiran ruwan sama. Mai aski, abokinsu tun ƙuruciya, kullum mai takobi yake ɗauka, kullum kuma gaba-gaɗi yake afka wa dodo, har jarumai goma sha ɗaya ya binne a teburin nan. Shi kuwa yayan, tsohon malamin lissafi wanda kowa yake kira Malam, mahaƙin rijiya ya zaɓa. Ba takobi, ba tsafi, sai igiya da diga da taka-tsantsan. Shekara goma sha tara mahaƙin nan yana ratsa kogo da kango bai mutu ba.

Dokokin wasan su suka rubuta abinsu, kuma nan ne rigimar take. Malam mutum ne mai son a faɗi komai filla-filla. Yana da doka kan nauyin jaka, yana da doka kan jiƙaƙƙiyar igiya, yana da doka kan tsawon lokacin da fitila za ta yi tana ci in ana iska. Littafinsa ya kai shafi ɗari da sha huɗu. Almakashi kuwa rantsuwa yake yi cewa wasan da bai shiga shafi ɗaya ba, ba wasa ba ne, jarrabawa ce.

"Haba Yaya, wa zai tsaya auna igiya dodo yana bayansa?"

"Wanda yake so ya kai gobe," in ji Malam. "Tambayi mai aski."

"Ni ku fitar da ni a cikin shirginku," in ji mai aski, yana zana takobin jarumi na goma sha biyu.

Gaskiyar magana, ban da wannan gardama babu wata hira tsakanin 'yan'uwan nan biyu. Ba sa zancen 'ya'ya, ba sa zancen lafiya. Ko ranar da mahaifiyarsu ta rasu, zama suka yi kafaɗa da kafaɗa kowa yana kallon takalminsa. Duk abin da ke ransu a teburin nan suke faɗa wa juna, ɗaya ta bakin mahaƙin rijiya, ɗaya ta bakin dodanni.

Sai wata Laraba da safe Malam ya faɗi a bakin famfo yana wanke fuska. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan sati bakwai a asibiti aka dawo da shi gida a keken guragu, hannun dama kwance a cinya kamar ba nasa ba, magana kuma sai ya yi ta kokawa kafin kalma ɗaya ta fito. Hankalinsa garau yake, wannan kowa ya gani a idonsa. Ya san abin da yake so ya ce, hanyar fitar ce ta toshe.

Sau uku Almakashi yana zuwa dubiya, sau ukun yana zama kamar an dasa shi. "Yaya, ya jiki?" "Da... sauƙi." Shi ke nan fa, sai kallon labule. A zuwa na uku ya fito ransa a jagule, ya tsaya a bakin ƙofa ya gane abin da yake tsoro. In har Malam bai dawo tebur ba, to ya rasa yayansa ke nan, ko da mutumin zai ƙara shekara ashirin yana numfashi a ɗakin can. Ya koma ciki ya ce wa matar yayan, "Anti, ba ni littafin dokokin nan." Ya tafi da shi wurin aiki, ya zaro jan biro.

Allah sarki. Abin da ya shekara goma sha tara yana nema ya samu, amma ta hanyar da ba ya so. Yanzu babu mai hana shi yanka, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. Duk dokar da ya ja wa layi sai ya ɗan dakata, kamar yana jiran a ce masa "kai, bar ta nan", sai ya ji injin yana ta aikinsa kawai. Cikin kwana tara ya mayar da littafin shafi ɗaya. Kowane jarumi yana da hali uku: ƙarfi, wayo, zuciya. Ka jefa dais biyu, ka haɗa da lambar halinka, in sun kai tara ka yi nasara. Ya buga shi da manyan baƙaƙe, ya duba, ya ce wannan ko jinjiri ya iya.

Ranar Asabar aka turo Malam bakin tebur. Ya jefa da hagu, huɗu da uku suka fito, wayon mahaƙi kuma biyu ne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi ya zuba wa dais ido, leɓensa yana rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Tara ne, Babban Yaya, ka ci!" Auta ta yi caraf ta faɗa, har da tafi.

Malam ya lumshe ido. Ba a yi rabin awa ba ya nuna ƙofar ɗaki da haɓa, matarsa ta mayar da shi ciki.

"Lissafin ne ya yi yawa," in ji Almakashi a hanya. Shi dai duk abin da ya lalace a duniya, a ganinsa wani abu ne ya yi yawa. Ya koma ya cire haɗa lamba, ya cire dais ɗaya, ya yi fatali da ƙarfi da wayo da zuciya gaba ɗaya. Yanzu kowane jarumi kalma ɗaya ce, sana'arsa. Ka jefa dais, huɗu zuwa sama ka ci. In abin ya shafi sana'arka, ka jefa sau biyu ka ɗauki mafi girma. Rabin shafi ke nan.

Asabar ta zo, Malam ya jefa, dais ya gangara ya faɗi ya shige ƙarƙashin kujera. Mai aski ya durƙusa ya lalubo shi. Da aka sake zagayowa kan Malam, sai mai askin nan ya riƙe dais a hannunsa ya ce, "Bari in jefa maka, Malam, kar ka wahala." Ya jefa kuwa, ya ci, ya washe baki. Wannan karon ko minti ashirin ba a yi ba aka tura keke ciki.

Almakashi kamar ya haɗiyi zuciya. Ya yi tsaki a mota, ya yi tsaki a gida, matarsa ta tambaye shi lafiya ya ce lafiya lau. Washegari ya yanko murfin kwali mai baki a wurin aiki, don a riƙa jefa dais a ciki ba ya gudu. Ya kuma kira sauran biyun ya ce su haɗu a shagon aski ranar Alhamis da rana, a zauna a kan dokar da ta rage.

Dokar kuwa ita ce ta mutuwa, kuma ita kaɗai ce shi da Malam ba su taɓa gardama a kanta ba. Kowane jarumi yana da maɓallin riga uku a gabansa. Duk raunin da ya ji, mai ba da labari ya ɗauke ɗaya. In na ukun ya tafi, jarumi ya mutu, babu roƙo, babu a sake.

Auta ta zauna a kujerar aski da farar rigar aikinta, ta harɗe hannu. "Ni dai in gaya maka, Ƙaramin Yaya, ba zan zauna ina kallo a ce wa Babban Yaya ya mutu ba. Mutumin da muka kwashe shi kamar gawa? Haba!"

"Ba shi za a ce wa ba. Mahaƙin rijiya za a ce wa."

"Ai shi da mahaƙin ɗaya ne! Shekara goma sha tara fa!"

"Ta yi gaskiya," in ji mai aski yana goge reza. "Ni na saba, ni ko gobe ka kashe ni. Amma Malam? A'a."

Almakashi ya ji kansa ya ɗau zafi. "To in babu mutuwa, dais ɗin na mene ne? Me ake tsoro a kogon? Sai mu zauna in ba ku tatsuniya mu tashi!" Ya kawo musu shawara iri-iri. Jarumi ya suma a ja shi waje. Auta ta ce suma ma ba ta so a ambata a gidan nan. To ya rasa wani abu nasa mai daraja, igiya ko diga. Mai aski ya ce mutumin da ya rasa hannu za ka ce wa ya rasa diga? Duk ta inda ya ɓullo sai su tare shi, har wani da ya shigo aski ya gaji da jira ya fita.

Can Auta ta dube shi ta ce, "Kai da kake cire komai, wannan guda ɗaya ce ba za ka iya cirewa ba? Ko wasan ya fi maka shi?"

Ya zaro jan biro ya ja wa dokar mutuwar layi, a kan gwiwarsa, a cikin shagon aski. Suka shirya cewa maɓallan za su ci gaba da zama a tebur kamar kullum, amma na ƙarshen Malam ba za a taɓa shi ba, kuma ba mai gaya masa. Dokokin suka koma layi biyar a kati kamar tafin hannu. Bai taɓa buga abu mai tsafta irinsa ba, bai kuma taɓa tsanar aikin hannunsa kamar wannan ba.

Da farko kamar abin ya yi. Malam ya zauna awa guda cur, dais yana tsayawa a cikin murfin kwali, Auta tana cije baki ta bar shi ya gama kalmarsa, ko da yake ba kullum take iyawa ba. Asabar ta biyu ma haka. A ta uku mahaƙi yana da maɓalli ɗaya, ya hau wata ruɓaɓɓiyar gada, dais ya nuna ɗaya. Almakashi ya yi gyaran murya ya ce gadar ta karye, amma igiyar mahaƙi ta sarƙe da saiwar bishiya, ya tsira. Auta ta ce kai, sa'a! Malam kuwa kallon ƙaninsa kawai ya yi, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya kwafi amsa.

Asabar ta huɗu suna cikin kangon wata hasumiya. A tsakiyarta akwai rami mai zurfi, a ƙasan ramin kuma dodo mai kai biyu yana barci. Mahaƙi har yanzu maɓallinsa ɗaya.

"Yaya, me za ka yi?"

"Tsalle."

"Da igiya, ko? Ka ɗaura ta a..."

"Ba... igiya."

Auta da mai aski suka dubi juna. Almakashi ya share gumi ya ce ashe akwai ruwa a ƙasan ramin, mahaƙi ya faɗa tsundum, ya fito ba ko ƙwarzane. Ga dodo can yana minshari. Zai laɓe ne, ko zai nemi hanyar fita?

"Baki," in ji Malam. Ya numfasa. "Shiga... baki."

"Bakin dodon?"

Malam ya ɗauki dais da kansa ya jefa. Biyu.

Kai, wannan rana Almakashi ya ga ta kansa. Mutumin da bai taɓa ƙara kalma a rubutun kowa ba, sai ga shi yana zuba surutu. Wai dodon mura yake yi, wai ƙurar da ke jikin mahaƙi ta shiga masa hanci, wai ya yi atishawa ya watso shi waje. Mai aski ya ƙyalƙyale da wata dariya wadda ko shi bai yarda da ita ba.

Malam ya daki tebur da hannun hagu, kofunan shayi suka yi ƙara. Ya ɗora yatsa ɗaya a kan maɓallin nan, ya fara tura shi a hankali zuwa gaban ƙaninsa. Auta ta miƙa hannu ta mayar masa. "Haba Babban Yaya, wasa ne fa." Ya sake turawa. Matarsa ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu.

Sai ya fara magana, kuma wannan karon ba wanda ya yi gigin taya shi.

"Likita..." Ya tsaya, ya haɗiyi yawu. "'Za ka... warke.'" Ya karkata kai wajen matarsa. "Ita... 'ka yi... kyau... yau.'" Leɓensa ya yi ta rawa, gumi ya tsattsafo masa a goshi. "Kowa. Kowa." Sannan ya ɗago ido ya dubi Almakashi, ya daɗe kafin sauran su fito. "Kai... ma?"

Almakashi ya ji kamar an mare shi. Kunya ta kama shi, haushin kansa ya kama shi. Wata biyu yana yanka yana ƙari da yanka don ya dawo da yayansa tebur, ashe a wurin guda ɗaya da ake ɗaukar mutumin nan a matsayin cikakken mutum, nan ma sun mayar da shi majinyaci. Ya miƙa hannu ya ɗauki maɓallin ya sa a aljihu.

"Dodon ya rufe baki," ya ce, muryarsa a dishe. "Mahaƙin rijiya ya mutu."

Auta ta fashe da kuka ta fice baranda. Mai aski ya sunkuyar da kai. Malam ya jingina da keke, ya saki wani dogon numfashi, hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya ya bi gefen hanci. Ya daɗe a haka, idonsa a kan tsohuwar takardar mahaƙi wadda ta yi laushi don shekaru. Almakashi ya zauna yana jiran ya ga an nuna ƙofar ɗaki da haɓa. A ransa ya ce shi ke nan, na ƙarasa shi da hannuna.

"Takarda," in ji Malam. "Sabuwa."

Aka ajiye masa fara da fensir. Ya damƙi fensirin da hagu kamar mai riƙe muciya, ya danna, takardar ta zame. Ya jawo ta da gefen hannu ya sake dannawa, ta sake zamewa. Mai aski ya yunƙura zai riƙe masa, Almakashi ya cafke wuyan hannunsa ya mayar da shi kujera. Shi kansa hannuwansa ƙaiƙayi suke yi, sai da ya tura su ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu. Shayi ya huce. Auta ta dawo da jajayen idanu ta zauna. Minti ashirin da biyar Malam ya ɗauka kafin ya rubuta kalma ɗaya, a karkace, harafi yana hawa kan harafi. Ya tura ta tsakiyar tebur. Masunci.

Ya jawo murfin kwalin nan gabansa, ya ɗauki dais ya riƙe.

"A ina... nake?"

Almakashi bai shirya komai ba. Sai da ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya jera maɓalli uku a gaban yayansa.

"Kana tsakiyar tafki, Yaya, kai kaɗai," ya ce. "Kwale-kwalenka yana yoyo, kuma akwai abin da yake zagaya ka a ƙarƙashin ruwa."